Shingen Ranar Juma'a

Da aka faɗa a rediyo cewa hukuma za ta tsara wa manyan motoci lokacin ratsa birni, na dare daban, na ƙarshen mako daban, sai na ji ɗayanku ya ce ai wannan ba aiki ba ne, a sami wani malalaci a ba shi sanda ya riƙa ɗagawa yana saukewa. Kuka kwashe da dariya har da tafawa. Ni ban yi dariya ba, raina ne ma ya ɓaci. Da wannan sandar da kuke rainawa na ci abinci tun ina saurayi, kuma a kan idona aka zubar da mutuncin mutumin da ya fi kowa iya riƙe ta. Tunda kun taɓo ni, sai ku gyara zama.

A shekarun da suka gabaci 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe, hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta ƙasar Bebeji ta nufi Tudun Wada da Doguwa ba ta da kwalta ko kaɗan. Jar ƙasa ce da tsakuwa. Dam ɗin Tiga kuwa ko a mafarki babu shi. Garinmu yana kan wannan hanya, kuma ba gefensa ta bi ba, ta tsakiyarsa ta ratsa, kasuwa a hannun dama, masallacin Juma'a a hannun hagu. Motocin gyaɗa su wuce, na kuza su gangaro daga duwatsun Doguwa, na itace su biyo baya. Idan mai lodi ta ratsa, sai ka ji katangar gidanka tana rawa, ƙasa na zubowa cikin tuwo. Shi ya sa aka kafa shinge a bakin gari ta arewa, wani kuma ta kudu, aka ɗauki masu tsaro. Na arewa shi ne babba, kuma yana hannun wani dattijo da ake kira Baba Tanko. Ni leburan hanya ne a lokacin, ina zuba tsakuwa a ramuka, sai aka ce in koma wajensa in riƙa taya shi.

Ranar da na fara, bai bar ni na taɓa shingen ba. Ya zagaya da ni yana nuna mini kaya ɗaya bayan ɗaya. Shingen kansa azarar giginya ce doguwa, an shafa mata fari da ja, an ɗaure garwa cike da duwatsu a gindinta don ta yi sauƙin ɗagawa. Sai sarƙa da kwaɗo, sai fitilar ƙwai da aka shafa wa gilashinta jan fenti, sai usur, sai jan ƙyalle, sai weji guda biyu na icen kirya da ake cusawa ƙarƙashin taya. Na ɗauka an gama. Sai ya ja ni cikin rumfa ya buɗe wata katuwar randa, ruwa a ciki sanyi ƙalau, da moɗa a kai.

Ya ce, "Sule, ka ga wannan? Ita ce babban kayan aikinka. Mutumin da ya taso daga Kano da ƙishi, kada ka soma ce masa ba ya wucewa. Ka gaishe shi, ka tambayi gajiya, ka ba shi ruwa. In ya sauke moɗa, sannan ka gaya masa."

Na ce, "Baba, in ya ƙi ji fa?"

Ya ce, "In ya sha ruwanka zai zage ka a hankali."

Aikin farko da ya sa ni shi ne jera motoci, kuma a nan na gane ban san komai ba. Dokar dare ita ce daga magariba zuwa asuba babbar mota ba ta shiga gari. Dalili a fili yake. Da bazara mutane a ƙofar gida suke shimfiɗa tabarma su kwana, ƙafafunsu kusan a kan hanya. Da damina kuma shanun Fulani kan hau hanya su kwanta, don nan ne babu laka. Fitilun motocin zamanin kuwa, wata ido ɗaya, wata babu ko ɗaya, sai yaron mota ya zauna a gaba da tocila. To amma tsayar da mota ba shi ne ka daka mata tsawa ta tsaya ba. Da yawansu ba sa tashi da makulli, sai an juya ƙarfen tayar da inji har kafaɗa ta yi tsami, ko kuma a tura. In ka tsayar da irin wannan a kwari, da asuba kai da direba da mutanen gari za ku yi ta nishi, layi kuma ya toshe. Saboda haka Baba Tanko kan tambayi kowane direba lafiyar motarsa, marasa lafiya ya jera su a kan gangare suna fuskantar gari, masu lafiya a baya. Mai ɗauke da fetur ko kananzir can nesa da masu tuyar ƙosai. Mai ɗauke da fatu kuma ta inda iska ba za ta kawo wa masu barci wari ba.

Sai maganar ruwan sama. In an yi ruwa ana rufe hanya har ta sha iska, don mota ɗaya mai lodi ta isa ta mayar da ita kwata. Ba agogo muke dubawa ba. Baba Tanko kan tafi inda hanya ta fi taushi, kusa da kwalbati, ya kafa dunduniya ya murza. In ƙasa ta kama ƙafarsa, ba a buɗewa, ko da rana ta take. Direbobi su taru a kansa, wannan ya ce kayansa za su ruɓe, wancan ya ce maigidansa zai kore shi, wani ya rantse matarsa na kan gwiwa. Akwai wanda na ƙirga masa haihuwa uku a damina ɗaya. Baba ba ya musu da kowa. Sai ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya," ya ci gaba da zamansa.

Kuna ganin abokan hulɗarmu masu sauƙi ne? Direban babbar mota a wancan zamani ji yake ya fi hakimi. Ga hula a karkace, ga taba a baki, 'yan mata na yi masa waƙa. An sha nuna mini ƙarfen taya, an sha zagin uwata. Wasu kuma ba da faɗa suke zuwa ba, da fara'a suke zuwa, su miƙo hannu a dunƙule. Baba Tanko ko goro ba ya karɓa daga direban da ke bayan shinge. In kana son ba shi goro, ka bari sai an buɗe ka wuce, ka tsaya a gaba ka dawo da ƙafa. Na faɗi wannan ne don ku riƙe, saboda abin da aka ce ya yi daga baya.

Yanzu ga inda matsalar take. Ban da dokar dare, akwai ta ƙarshen mako. A ofis a birni aka tsara ta, aka ce daga la'asar ɗin Asabar har wayewar Litinin a rufe hanya, don leburori na hutu, manyan ofis ma na hutu. To, mu ina ruwanmu da Lahadi? Ranar Lahadi garinmu fayau yake, kowa yana gona, ko akuya ba ka gani a kan hanya. Ranar da gari ke cika ita ce Juma'a. Ita ce ranar kasuwarmu, ita ce kuma ranar da mutanen ƙauyuka da rugage ke shigowa salla. Masallaci ba ya ɗaukar jama'a, sahu kan fito har ya haye hanya, ya kai bakin rumfunan kasuwa. Kuma a takarda, ranar nan hanya a buɗe take. Wato mutum ya sa goshi a ƙasa, motar kuza mai birki rabi da rabi tana gangarowa.

Tun kafin in zo, Baba Tanko ya riga ya warware wannan da kansa. Dagaci da liman ne suka same shi a rumfarsa suka roƙe shi, shi kuma ya tara tsofaffin direbobi suka yi magana ta fahimta. Ranar Juma'a zai rufe daga hantsi har a sauko daga masallaci kasuwa ta lafa. A madadin haka, ranar Lahadi da safe, in hanya a bushe take, zai buɗe musu su wuce. Mai tsaron shingen kudu ya bi sahu. Direbobi suka yi murna, don wuni guda suka samu a kan rabin wuni. Babbansu, wani dogo da ake kira Mamman Direba, shi ya fara miƙa hannu. Da yawansu ma sukan yi alwala da ruwan randarmu su shiga sahu. Shekara da shekaru ana haka, ko kaza ba a taɓa takewa ranar Juma'a ba, kuma babu wanda ya taɓa tunanin a je ofis a sa a rubuta.

Sai muguwar shekara ta zo. Abin haushi, ba shekarar fari ba ce, shekarar albarka ce. Gyaɗa ta yi kyau fiye da kima, buhuna suka taru a wuraren awo daga Kiru har Burumburum, ga hadari ya soma haɗuwa da wuri, kowa na tsoron ruwa ya daki kayansa. Aka shigo da sababbin motoci da sababbin direbobi waɗanda ba su san mu ba, ba su san garin ba, kuma da yawan sawu ake biyansu. Wata Juma'a ɗaya daga cikinsu ya iso da hantsi ya tarar da shinge a ƙasa. Na kai masa ruwa, ya bangaje moɗar. Ya ce shi ya san doka, yau ba ranar rufewa ba ce. Baba ya nuna masa jama'a da hannu. Ya ce shi ba jama'a ya zo ɗauka ba, gyaɗa ya zo ɗauka. Bai wuce ba sai da aka idar, amma da ya koma Kano ya gaya wa maigidansa, maigidan kuma ya kai ƙara ofis. Abin da ya faɗa shi ne wai akwai wani tsoho da ke rufe hanyar hukuma ranar da ya ga dama, ya buɗe ranar da aka hana, ga wanda ya ba shi wani abu.

Aka aiko malamin hanya daga ofis ya bincika. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, kuma bai zo da niyyar korar kowa ba. Ya zo ranar Lahadi ba sanarwa, ya ga motoci na wucewa da idonsa. Ya sa aka tara mu a zauren dagaci: ga dagaci, ga liman, ga manyan kasuwa, ga Mamman Direba da wasu direbobi da aka tsayar don su ba da shaida. Baba Tanko ya sa kakinsa wankakke, ya durƙusa ya faɗi yadda abin yake tun daga farko, bai ƙara ba bai rage ba.

Malamin ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Baba, maganarka ta shiga hankali. In mutanen gari ne suka nema, abin ya zo da sauƙi. Su faɗa a gabana, in kai ofis, wataƙila ma a mayar da ita doka. Amma in babu wanda ya sa ka, to ba ni da abin da zan kai sai abin da mai ƙara ya faɗa." Ya juya wajen dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka nema?"

Kun ji abin da ake buƙata. Kalma ɗaya. Aikin dattijo da sunansa duka suna rataye a kanta.

Dagaci ya gyara rawani, ya dubi rufin zaure. Tsoronsa kada a ce ya taɓa dokar hukuma ba da sanin hakimi ba. Ya ce, "To, mu dai mun ga ana rufewa. Mun ɗauka daga sama ne."

Aka juya ga liman. "Allah ya gafarta Malam, kai fa?"

Ya ce shi mai jan salla ne, ba ya shiga sha'anin hukuma. Wannan mutum da na sha gani da idona yana tsayawa a rumfarmu bayan salla yana sa wa Baba albarka!

Saura Mamman Direba. Na zuba masa ido, don na tabbata shi kam zai yi magana. Amma in ya ce an yi yarjejeniya, ya amsa da bakinsa ke nan cewa ya yi shekaru yana tuƙi ranar da aka hana, kuma lasin ɗinsa ne zai tafi. Ya murza hularsa a hannu ya ce, "Ni dai in na ga a buɗe na wuce, in na ga a rufe na tsaya."

Na yunƙura na ce ni shaida ne. Malamin ya ce yaron gida ba ya yi wa maigidansa shaida, kuma lokacin da aka ce an yi maganar ma ban zo ba. Gaskiyarsa. Sai muka ji murya daga ƙofar zaure. Wata Bafulatana ce mai suna Hajo, wadda ke sayar da fura da nono a gindin rumfarmu. Ashe tana tsaye tana ji, ƙwarya a ka.

Ta dubi dagaci ta ce, "Kai, ku ji tsoron Allah! Ina zaune kuka zo, kai da liman, kuka ce ya rufa muku asiri. Ni na dama muku fura ranar!"

Wani bafade ya daka mata tsawa, wai mace ba ta sa baki a zaure, aka kore ta. A duk garin nan mai masallaci da kasuwa da masu gemu, mai furar nan kaɗai ta buɗe baki. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Ba a daɗe ba amsa ta zo. An sallami Baba Tanko, an kuma rubuta cewa saboda karɓar na goro ne. Aka ce ni in riƙe shingen, da gargaɗin in na sauke shi ranar Juma'a, ba kora kaɗai ba, har da ɗauri. Na je gidansa na ce ba zan karɓa ba. Ya harare ni.

Ya ce, "In ka ƙi, wa za su kawo? Wanda zai tsayar da motar fetur kusa da mai ƙosai? Karɓi makulli, kada ka ɓata mini rai."

Juma'ar farko ko karin kumallo ban iya yi ba. Hantsi ya yi, kasuwa ta cika, mutanen ƙauye na ta kwararowa da jakuna, azara kuma tana tsaye tana nuna sama. Na yi ta kai da kawo da jan ƙyalle a hannu, alhali na san ƙyalle ba ya tsayar da motar da birkinta ya yi zafi. Aka yi kiran salla, sahu ya soma fitowa kan hanya. Na hango Baba Tanko ya zo da buzunsa, ba kaki, riga ce fara a jikinsa. Bai shiga ciki ba. Ya shimfiɗa a sahun ƙarshe, a tsakiyar hanya, ta ɓangaren da motoci ke fitowa.

Sai ga ƙura daga arewa, ayari guda, Mamman Direba a gaba, sababbin direbobin nan a bayansa. Ya taho har ya iso daidai ƙarƙashin azara, inda hanya ta fi matsewa, sai ya karkatar da kan motar ya kashe inji. Ya diro ya ɗaga murfin inji, ya tura kai ciki yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Na baya suka yi ta danna ham, ya ɗago ya ce musu mota ta lalace, wanda ke da fiffike ya tashi. Ya ce in kawo weji, na kawo. Motar nan ba ta gyaru ba sai da liman ya yi sallama jama'a suka watse daga kan hanya, sannan ta tashi bugu ɗaya.

Haka aka ci gaba. Kowace Juma'a sai motar wani daga cikin tsofaffin direbobi ta lalace a wannan wuri, wata kuma a shingen kudu, su da kansu suke raba kwana. Na san za ku ce ai Mamman ya kyauta. Ni ban ce ba. Mutumin da zai iya tsayawa cikin rana kowane mako yana ƙwanƙwasa lafiyayyen inji, amma ya kasa faɗin magana ɗaya a inuwar zaure, ban san sunan da zan ba shi ba. Ya tsare sahu, na yarda. Dattijon da aka shafa wa baƙin fenti fa, wa ya wanke shi?

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. A ranar farkon nan, da aka sauko daga masallaci, dagaci ya biyo ta kan hanya da mutanensa. Ya tsaya ya dubi azara a sama, ya dubi layin motoci a tsaye, ya yi murmushi.

Ya ce, "Kun gani ko? Ashe da kansu suke tsayawa. Dama tsohon nan wahalar da kansa kawai ya yi ta yi."

Mutanensa suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Baba Tanko yana durƙushe kusa da su yana naɗe buzunsa. Ya ji, na kuma san ya ji, don na ga hannunsa ya tsaya. Sai ya ƙarasa naɗewa, ya miƙe, ya gaishe da dagaci yadda ake gaishe shi, ya kama hanyar gida. Bai sake tako bakin shinge ba. Har ya bar duniya, in baƙo ya tambayi ko wane ne wancan dattijo, mutanen da ya tsare wa goshi a kan hanya sai su ce, ai shi ne wanda aka kora don cin hanci.